Yaya Yohanna da Ƙwallon da Na Ce Ta Fita

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka binne Yaya Yohanna. A watan Janairu ya rasu, amma ni a Nuwamba ya fi faɗo mini a rai, lokacin da 'yan wasan tanis maza takwas da suka fi kowa a duniya ke haɗuwa su rufe shekara da gasa guda. A makon nan aka fara ta bana. Na kalli wasa biyu ni kaɗai a falona da ke Sabon Tasha, kuma kafin a gama na biyun na san cewa bana sai na rubuta abin da na daɗe ina dannewa.

Ba ciki ɗaya muka fito ba. Ƙauyukanmu ne ke maƙwabtaka can kudancin jihar, ya girme ni da shekara shida, shi ya sa nake ce masa Yaya. Shi ya tarbe ni a tasha ranar da na shigo Kaduna neman aiki, ya ba ni tabarma a ɗakinsa na Trikania, sannan ya yi ta zirga-zirga har aka ɗauke ni a sashen rini na masaƙar da yake aiki a Kakuri. Shi makaniken injunan saƙa ne. Dogo ne siriri, hannayensa kullum da baƙin mai a ƙarƙashin farce, ko ranar Lahadi.

A bayan kulob ɗin manyan ma'aikata akwai filin tanis na jar ƙasa, ana shata layukansa da farar ƙasa. Irinmu ba ma zuwa wajen. Wata rana wani injiniya baƙo, Bature, ya rasa abokin wasa, ya ga Yaya yana wucewa da akwatin kayan aiki, ya kira shi ya miƙa masa raket, sandar da ake buga ƙwallon da ita. Shekara ba ta zagayo ba sai ga shi yana lallasa injiniyan. Da baƙon zai koma ƙasarsu ya bar masa raket biyu, ɗaya daga cikinsu ita ce ta fara shiga hannuna. Yaya ya je ya roƙi manaja a bar ƙananan ma'aikata su riƙa amfani da filin ranar Asabar, aka yarda. Abokan aikinmu suka yi ta yi mana tsiya, wai mun bar ƙwallon ƙafa mun koma wasan masu kuɗi. Bayan shekara biyu, rabin masu tsiyar suna bakin filin suna jiran layi ya zo kansu.

A talabijin ɗin kulob Yaya ya fara ganin gasar ƙarshen shekarar nan, ta shiga ransa. Abu biyu ya ce sun burge shi. Na farko, ba a gayyatar kowa sai wanda ya yi shekara guda yana cancanta. Na biyu, idan an ci mutum ranar farko ba ya tattara kayansa, yana da sauran wasa biyu da zai gyara. Sai ya kwaikwaya. Ya riƙa rubuta sakamakon wasanninmu na Asabar, idan Disamba ta kama ya fitar da mutum takwas, ya raba mu rukuni biyu, mu buga kafin kowa ya tafi gida Kirsimeti. Kofin ma shi ya ƙera shi da wani guntun tagulla da aka jefar a wajen gyaran injuna, ya goge shi har yana ɗaukar ido.

Ba mu da alƙalin wasa. Dokarsa ita ce kowa shi ke hukunta ƙwallon da ta faɗi a ɓangarensa, kuma idan kana shakka, to ta shiga. Wasu suka ce wannan doka za ta haifar da rigima. Ya ce duk wanda ba za a iya amincewa da shi a kan layi ɗaya ba, bai ga dalilin tsayawa da shi a rana awa biyu ba.

Sau biyar muna haɗuwa da shi a wasan ƙarshe, sau biyar yana ci na. Ba ya rage mini, ba ya kuma yi mini gori. Idan an tashi sai ya dafa kafaɗata ya gaya mini inda na yi kuskure, kuma kullum gaskiyarsa ce, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

A shekara ta shida masaƙar ta riga ta fara mutuwa. Sashe-sashe ake rufewa, injunan da suke hana mutum jin maganar na kusa da shi sun yi tsit. Ba wanda ya faɗa, amma kowa ya san wannan ce gasar ƙarshe. Gwiwata ta dama ta fara ba ni wahala. Ranar wasan ƙarshe kuma matata ta zo da 'ya'yanmu uku, karo na farko da suka taɓa zuwa kallona. Ina so mai karatu ya san waɗannan abubuwa ne don ya san abin da ke cikin kaina a ranar. Ba hujja nake kafawa ba.

Yaya ya ci zagaye na farko, na ci na biyu. A na uku muka yi ta ja har ya rage mini maki ɗaya tak in ɗauki kofin. Na buga na ruga gaban raga, shi kuwa ya ɗaga ƙwallon sama ta bi ta kaina, irin bugun da ya sha kashe ni da shi. Na juya da gudu ina bin ta. Ta sauka a gabana, a kan layin baya, na ga farar ƙasa ta yi tsalle kaɗan. A tanis kuwa, ƙwallon da ta taɓa layi ta shiga. 'Yan kallo duk suna zaune a benci kusa da raga, ga rana ta yi yamma tana dukan idonsu. Ba wanda yake kusa da wurin sai ni.

Na ɗaga hannu na ce, "Aut," wato ta fita.

Ƙafata ta sauka daidai inda ƙwallon ta bar shaida a ƙasa, ta shafe ta. Har yau ban iya rantsewa ko gudun ne ya kai ta wurin ko ni na kai ta ba.

Mutane suka tashi da ihu. Yaya bai motsa daga inda yake ba. Ya jira hayaniyar ta ɗan lafa, sannan ya ce, ba da ƙarfi ba, "Ayuba, ka tabbata?"

Na ce, "Na tabbata, Yaya."

Ya gyaɗa kai, ya tako zuwa raga ya ba ni hannu. Shi da kansa ya miƙa mini kofin, ya ɗaga hannuna sama, ya gaya wa 'ya'yana cewa babansu ya yi shekara shida yana neman wannan rana. Amma bai dafa kafaɗata ya gaya mini kuskurena ba. Wata huɗu bayan haka aka sa wa ƙofar masaƙar kwaɗo.

Rayuwa ta watsa mu kamar yadda ta watsa dubban irinmu. Ni na koma Sabon Tasha na buɗe shagon fenti da kayan gini. Shi ya zauna a Trikania yana gyaran janareta da injin niƙa, wani lokaci a kira shi wata masana'anta a Kudenda idan injinsu ya gagari ma'aikatansu. Ciyawa ta cinye filin. Abin da ya rage mana na tanis shi ne makon nan na Nuwamba. Akwai wani abokinmu, Oga Emeka, mai sayar da kayan gyaran mota a Kakuri, wanda ya buga da mu a da. Yana da babbar talabijin a bayan shagonsa, can muke haɗuwa mu uku kowace shekara, Yaya da 'yar takardarsa yana rubuta sakamako kamar wani ne ya sa shi.

A shekarun nan ne aka kawo na'urar da ke nuna inda ƙwallo ta sauka. Ɗan wasa ya ce bai yarda da hukuncin mai duba layi ba, sai a nuna hoton a allo, ƙwallon tana tafiya a hankali, 'yan kallo suna tafi, har ta sauka a ga ɗan gefenta ya taɓa layi. Yaya yana son wannan abu ƙwarai. Sai ya buga cinya ya ce ko gashin jikinta ne ya taɓa, ta shiga. Bai taɓa kallona ba idan ya faɗi haka. Ni kuwa sai in tashi in ce zan sayo ruwa.

Daga nan na fara janye jiki. Shekarar farko na ce shago ya riƙe ni, na zo wasan ƙarshe kawai. Ta biyu na ce ina da taron dattawan coci. A hankali har gaisuwar Lahadi ta koma ta waya. Tsakanin gidana da nasa bas ɗaya ce da keke napep, tafiyar da ba ta kai minti arba'in ba ko da cunkoso. Ba faɗa muka yi ba, bai taɓa yi mini kallon banza ba. Ni ne dai duk lokacin da na zauna kusa da shi sai in ji kamar yana jiran wata magana daga bakina, ni kuma na kasa fito da ita, kuma kowace shekara da ta wuce sai maganar ta ƙara nauyi.

Ina yawan tambayar kaina me zai ce da ya ga yadda wasan ya koma yau. A wasannin da na kalla makon nan babu mai duba layi ko ɗaya a filin. Murya ce da aka naɗa take faɗin ƙwallo ta fita, ba mai musu, ba mai roƙon a sake dubawa. Ina jin zai yaba da adalcin abin, don ya tsani a cuci mutum. Amma ina jin kuma zai ce to yanzu ta ina za a gane mai gaskiya, tunda ba a ƙara tambayar kowa abin da ya gani. Zai yi ƙorafi cewa samarin nan duk sun maƙale a baya suna dukan ƙwallo kamar masu faskare, ba mai zuwa gaban raga. Zai yi mamakin matasan unguwarmu da ke cika shagunan caca suna zuba kuɗi a kan 'yan wasan da ba su taɓa ganin bugunsu ba. Kuma ba na so in yi tunanin fuskarsa da zai ga filinmu, wanda yanzu manyan motoci ke kwana a kansa.

Ciwon shanyewar ɓarin jiki ne ya kama shi, wata safiya yana kwance wani inji. Ya yi wata takwas a kwance. Bakinsa ya karkace amma ana gane maganarsa, hankalinsa kuma garau. A cikin watannin nan takwas, sau ɗaya na je.

Na shirya abin da zan faɗa tun a cikin bas. Da na isa na tarar ɗakin cike da matan zumunta na cocinsu suna waƙa. Ya gan ni, ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya nuna mini gefen gado. Na zauna, muka gaisa, ya tambayi gwiwata. Na yi ta jiran matan su fita, ba su fita ba, kuma gaskiya na ji daɗin rashin fitarsu. Bayan minti goma sha biyar na miƙe na ce zan dawo cikin mako. Ya riƙe hannuna ya ce to, yana jira.

Da Nuwamba ta zo, Oga Emeka ya zo shagona takanas. Ya ce ya kwashe talabijin ɗinsa ya kai ɗakin Yaya, za su kalli wasan ƙarshe can ranar Lahadi da yamma, kuma Yaya ya ce a gaya mini an ajiye mini kujera. Na ce zan zo. Ranar Lahadin na yi wanka, na sa kaya, na fito har bakin titi. Bas uku suka tsaya a gabana suka wuce. Na koma gida na gaya wa matata gwiwa ce ta motsa. Na ce a raina Kirsimeti na nan tafe, zan je mu zauna mu biyu. Kirsimeti ta zo muka tafi ƙauye. Mako biyu da dawowarmu Emeka ya kira ni da safe ya ce Yaya ya tafi.

Ina cikin waɗanda suka ɗauki akwatinsa. Mutane suna ta yi mini ta'aziyya a matsayin babban amininsa, ina amsawa.

Sai da aka shekara huɗu kafin na iya zuwa wajen matarsa, Mama Saratu. Na naɗe kofin a jarida na sa a leda. Na same ta a tsakar gida tana gyaran wake. Bayan mun gaisa na ajiye kofin a gabanta, na ba ta labari tun daga farko: bugun da ya bi ta kaina, farar ƙasar da ta tashi, ƙafata, tambayar da ya yi mini. Na ce kofin na mijinta ne, na zo in mayar, kuma in nemi gafara a wajenta tunda na makara a wajensa.

Ta saurare ni har na gama, hannunta bai bar tiren waken ba. Sannan ta ce ita ba ta san wannan magana ba. Ta ce shekara talatin da wani abu suna tare, ba abin da yake ɓoye mata, ko wanda ya taka shi a bas sai ya ba ta labari, amma bai taɓa ambaton wata ƙwallo ba. Ko ya gani ya yi shiru, ko bai gani ba, ita ba za ta iya gaya mini ba.

Sai ta ɗago ta dube ni, ta kira ni da sunan 'yata.

"Baban Talatu, a kan wannan ne ka ƙi zuwa?"

Ta ci gaba da magana.

"Ranar Lahadin nan ya sa na yi masa aski. Ya sa aka juya gadon don ya riƙa ganin ƙofa. Duk keken da ya tsaya a waje sai ya ce in leƙa. Har aka gama wasan kujerarka tana nan, Emeka ya so ya ɗora ƙafa a kai ya hana shi." Ta tura kofin gabana da bayan hannu. "Ɗauki abinka. Ba wannan ya nema a wajenka ba."

Ba da faɗa ta yi maganar ba. Ta ma sa aka kawo mini kunu, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta raka ni har bakin ƙofa. Na shiga bas da ledata a cinya, kuma a tafiyar nan ne na fahimci abin da na yi. Shekara da shekaru ina kallon laifina na filin wasa, ina juya shi, ina jin kunyarsa, har na ɗauka wannan kunya wani nau'in girmama shi ne. Ashe kaina kawai nake kallo. Ƙarya ta daƙiƙa ɗaya na yi masa a fili, wadda wataƙila da na faɗa masa da baki da tuni ta wuce. Don gudun faɗinta kuma na bar mutumin da ya ba ni tabarma a ɗakinsa yana kallon ƙofa.

Idan na auna abin da ya saura na Yaya Yohanna, ba shi da yawa a ido. Masaƙar ta tafi, filin ya tafi, takardun sakamakonsa gara ta ci. Ko hoto ɗaya babu na gasar da ya shekara shida yana shiryawa. Akwai dai dattawa kamar goma sha biyu warwatse tsakanin Kakuri da Trikania da Sabon Tasha, waɗanda in ba don shi ba da ba su taɓa riƙe raket ba, kuma har yau idan muka haɗu a wajen biki ko jana'iza, hira ba ta nisa sai sunansa ya fito. Akwai injunan niƙa a unguwarsu da masu su ke cewa tun gyaransa ba a sake buɗe su ba. Ni kuma ya bar mini wata ɗabi'a da na koya a makare: idan na ji wani nawa yana kwance, ranar nake zuwa, ko ina da abin faɗa ko ba ni da shi.

Kafin in aika wannan rubutu na je Trikania na karanta wa Mama Saratu, don ba zan sa sunan mijinta a jarida ba da izininta ba. Ta tsufa yanzu, sai na riƙa ɗaga murya. Da na kai ƙarshe ta ce in aika, gaskiya ce duka. Amma ta ce abu ɗaya ya dame ta: duk wanda ya karanta zai ɗauka mijinta wani mai ɗaure fuska ne kamar alƙali, alhali ba a yi mai dariya irinsa ba, kuma ban sa dariyarsa ko sau ɗaya ba.

Gaskiyarta ce, kuma na ji kunya da sai da aka tuna mini. Yaya yana dariya ne da dukan jikinsa. Ba ta da sauti da farko, sai dai ka ga kafaɗunsa suna rawa, ya sunkuya ya dafa gwiwa, can sai ta ɓalle masa kamar tari, har hawaye. Ranar da ya fara koya mini buga ƙwallon farko, na jefa ta sama na kai mata duka da dukan ƙarfina, na kuskure ta, ta dawo ta faɗo mini a tsakar ka. Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa da farin wandonsa. Na yi fushi na jefar da raket na kama hanyar fita. Ya biyo ni yana share ido, ya kasa magana, sai miƙo mini raket ɗin yake yi yana girgiza kai. Da ya samu numfashi ya ce, "Dawo, Ayuba. Ni sau uku ta faɗo mini, kuma a gaban Bature."

Ranar na dawo. Allah ya ji ƙanka, Yaya.